Ƙashin da ke Wuyan Tahira

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Kaye biyu, wato littafin rubutu, na saya yau a bakin kasuwa. Ɗaya na ba Rahmatu, ɗayan kuma ban san abin da ya sa na saye shi ba, sai da na dawo gida na ga na buɗe shi ina rubutu. Shekara shida ke nan da na ajiye alli, hannuna har ya fara manta riƙon biro.

Rahmatu ɗiyar ƙanena ce, tana aure a Jiratawa. Da hantsi suka faɗo mini gida nan Sabon Garin Maraɗi ita da mijinta Sha'ibu, ko ruwan da na kawo ba su taɓa ba. Maganar ɗiyarsu Tahira ce, 'yar shekara goma sha ɗaya, tana ajin ƙarshe na firamare. Yarinyar da in ta zo mini hutu sai na roƙe ta ta bar kunnena ya huta, wai yau sati biyu ba ta magana sai an tambaye ta, jiya kuma ta ce ba za ta koma lakwal ba, makarantar boko ke nan. Wata ɗaya da 'yan kwanaki ya rage a yi jarrabawar da za ta kai ta kwalej.

Sha'ibu ne ya jawo, shi ma ya sani. A taron iyaye ya miƙe ya ce mushen ajin, wato malaminsu, yana kwasar yara ran Laraba da yamma su je garkarsa, lambunsa ke nan, tsinkar zogale.

"Gwaggo, ni dai gaskiya na hwaɗi," in ji shi. "Na ce karatu na kawo ɗiyata. In tsinkar zogale ce, ni ma ina da garka."

Mutane suka kwashe da dariya, mushen yana zaune. Ni na san dariyar nan ita ce laifin, ba maganar ba.

Na ce, "To mi yake yi mata? Bugu?"

Rahmatu ta ce, "A'a, Gwaggo. Wani ƙashi ne ake rataya mata a wuya, kullum ita."

Na gaya musu abin da nake gaya wa duk iyayen da suka zo mini: kada a je lakwal da faɗa, a rubuta abin da ya faru kowace rana, da kwanan wata, da wanda ya gani. In an tara, a kai wa dirakta, shugaban makarantar. In ya yi kunnen ƙashi, ni zan rubuta wa ansifekta, mai duba makarantu. Na yi musu bayani tiryan-tiryan, har Sha'ibu yana gyaɗa kai. Da suka tafi na kasa cin abinci.

Talata, 29 ga Afrilu, da safe

Na ɗauka sambol ya mutu tuni. Mu da muka yi aikin a da mun san shi: ƙashi ne ko wani abin ƙyama a jikin igiya. Yaron da aka ji ya yi Hausa a cikin lakwal shi ake rataya wa, shi kuma ya yi ta baza kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa shi ne zai yi durƙuso a kan tsakuwa, hannu sama, sauran na wucewa. Muna cewa don yara su iya Faransanci ne. Wasu ma sun iya.

Laraba, 30 ga Afrilu, azahar

Zafi. Ban fita ba.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan magariba

Na hau kabu-kabu na je Jiratawa. Yaron da ke tuƙin ya yi ta gudu da ni kamar ya ɗauko buhun albasa, na yi masa tas a hanya, ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya," ya ƙara wuta.

Na iske Tahira a bakin kanal bayan gidansu, ta sa ƙafa cikin ruwa. Na ce, "Ƙawata, an ce kin yi tsada, magana ma sai da ƙoƙon bara." Da can da ta rama mini sau uku kafin in rufe baki. Yau murmushi kawai ta yi. Gwiwoyinta duk sun yi kanta, kuma tana yawan kai hannu wuya, alhali ba komai a wurin, don a aji ake barin abin.

Na zauna kusa da ita. Sai ta dube ni.

"Kaka, in babba ya gaishe ka, ba sai ka amsa ba?"

Na ce dole.

"To kullum da sahe Mushe na tsaye bakin ƙohwa. Kowa ya zo sai ya ce mashi bonjur. Ni in na zo sai ya ce, Tahira, an tashi lahiya? Ya babanki? In na ce lahiya lau, sai ya ce na yi Hausa."

Ta gwada yin shiru, ya kore ta waje wai ba ta da tarbiyya. Ta gwada amsawa da Faransanci, ya yi ta maimaita gaisuwar yana murmushi har bakinta ya suɓuce. Da zarar an rataya mata, yara sai su watse daga inda take, kowa na tsoron ta ji bakinsa. Har ƙawarta Munira ta daina zama kusa da ita. Ta ce ran nan ta ji Munira ta yi Hausa sarai a bakin famfo, amma ta yi kamar ba ta ji ba.

"In na ba ta, ita za ta yi durƙuso, Kaka."

Tun da ta faɗi maganar gaisuwar nan na gane. Na san dabarar. Na tambayi Rahmatu sunan mushen, ta ce Maman Lawali, an ce mutumin Tibiri ne.

Lawali nawa ne a Tibiri? Sun fi a ƙirga.

Lahadi, 4 ga Mayu, da hantsi

Sun fi a ƙirga.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Rahmatu ta kira ni. Surukarta ta ce a daina wannan rubuce-rubuce, a kama zakara a kai wa Mushe a ba shi haƙuri kamar yadda aka saba, ko da kai ke da gaskiya. Rahmatu har ta ɗaure zakaran.

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na ce, "Kwance shi! Zai karɓa, ya yi godiya, ya ci, gobe ya rataya mata."

Ta ce, "Gwaggo, ya aka yi kika sani?"

Na ce mata rezon waya ba kyau, ba na jin ta. Ina jin ta rangaɗau.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Mun kai wa dirakta kayen. Rahmatu ta yi ƙoƙari, rana takwas a jere, da rubutunta mai kama da tafiyar kaza. Dirakta, Mushe Maliki, mutum ne mai fara'a, irin waɗanda ke raka ka har bakin hanya ba su yi maka komai ba. Ya ba ni kujerarsa, ya kira ni babbar yaya a aiki. Ya karanta, ya ce shi ma ba ya son sambol, amma ajin Maman Lawali ne ya fi kowane aji iya Faransanci, kuma dokar ɗaya ce ga kowane yaro.

Na ce, "Doka ɗaya, wuya ɗaya?"

Ya ce, "Madan Zalihatu, ki duba mani. Mi zan rubuta? In ce mushe ya gaida ɗaliba? Gaisuwa laihi ce?"

Haushi ya kama ni don gaskiyarsa ce. Abin da ya sa dabarar ke ci ke nan, ba ta barin shaida. Sha'ibu ya fara huci, na taka masa ƙafa. Dirakta ya ce zai yi magana da Maman Lawali. Na san irin wannan maganar, a kan shayi ake yin ta.

Da muka fito na leƙa tagar ajin daga nesa. Tahira tana can bencin baya ita kaɗai, abin a wuyanta. Muƙamuƙin akuya ne, a jikin wayar birkin keke, haƙoran an shafa musu jan tawada.

Rahmatu ta ce in zo mu gaisa da Mushe tun da mun zo. Na ce ƙafata na ciwo. Na bi ta bayan bishiyar dogon yaro na fita.

Juma'a, 9 ga Mayu, da safe

Jan tawadar bai goge ba.

Asabar, 10 ga Mayu, azahar

Sau uku na fara wasiƙar ansifekta, sau uku na yage. Faransancina lafiya lau yake. Da na kai inda zan kwatanta abin sai hannuna ya tsaya.

Maƙwabciyata ta yanka akuya don suna, ta aiko mini da kai. Na ba masu gadi.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Sha'ibu ya zo shi kaɗai, ya kawo zogale kasuwa ya biyo. Bai zauna ba.

"Gwaggo, na bi taki, na yi shiru, na yi rubutu. Jiya yarinyar ga ta yi hitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara ukku. In Juma'a ta yi abin ga na wuyanta, ta zamna gida ta taya uwarta shanya. Ban haihi ɗiya don a maishe ta akuya ba."

Na ce jarrabawa fa? Ya ce jarrabawa ta ci kanta. Sha'ibu in ya faɗi magana ko a kan wuta sai ya taka, shi ya sa muke cikin wannan hali tun farko. Kuma ban ga laifinsa ba. Amma na yi shekara talatin da biyu a aji, ban taɓa ganin yarinyar da aka cire a wannan gaɓa ta dawo ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Talata, 13 ga Mayu, bayan magariba

Na je Tibiri. Ba wanda ya aike ni.

Ajina na da yana nan, an mai da shi wurin ajiye karyayyun bencina. Na tambayi gidan Muhammad Auwal mai ɗinki, uban wani Lawali da na taɓa koyarwa, aka ce ya rasu da daɗewa, amma babbar ɗiyarsa Zainabu na tuyar awara a ƙofar gidan. Tana ganina ta saki matsami.

"Madan Zalihatu! Ke ce? Lalle yau muna da manyan baƙi. Ai ɗanki Lawali ya gaje ki, mushe ne yanzu a Jiratawa. Kullum cewa yake ke kika sa shi wannan hanya."

Ta cika mini takarda da awara. Ta ce Allah ne dai ya yi zai yi karatu, don shekarar da yake ajina wani abu ya same shi, ya daina magana kusan shekara, har gidan masu bori aka kai shi ana zaton iska ce. Tana ba ni labarin tana dariya. Ba ta sani ba. Bai taɓa gaya musu ba.

To bari in rubuta, tun da kayen nawa ne.

Ina da shekara ashirin da shida, ina da goyo, ba mai taya ni. Nakan aiki yaran ajina su ɗebo mini ruwa, su yo mini itace. Kowa na yi. Muhammad Auwal ya je ya gaya wa dirakta, dirakta ya yi mini faɗa a gaban sauran malamai. Na kwana biyu ina jin kunyar. Ran na uku na tsaya bakin ƙofar aji, da ɗansa ya iso na ce, "Lawali, an tashi lahiya? Ya babanka?" Yaro mai ladabi ne, har ƙasa ya durƙusa ya amsa.

Ni na tsinto muƙamuƙin a bayan mahauta. Ni na shafa jan tawadar da nake gyaran kaye da ita, don yara su ƙara jin ƙyamarsa. Uban ya zo ban haƙuri da ƙwan zabi a ƙwarya. Na karɓa, na yi godiya, na soya. Washegari na sake gaida ɗansa. Ranar da aka yi hutun ƙarshen shekara abin na wuyansa, ya tafi da shi gida, ban tambaya ba. Da aka dawo an yi mini canji zuwa Maraɗi, na zama Madan Zalihatu mai son yara, wadda iyaye ke zuwa neman shawara wurinta.

Na yi ta ƙoƙarin tuna kwana nawa ne. Ina jin sati biyu. Ko uku.

Awarar na nan a kan tebur.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Na gama wasiƙar. Da na fara ta daga Tibiri sai ta tafi sumul, sunana a sama, nasa a ƙasa. Amma wasiƙa sai ta yi sati biyu tana sauka daga tebur zuwa tebur, Juma'a kuwa jibi ce.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Ƙafafuna ciwo suke da gaske yau, ba na ƙarya ba.

Na isa lakwal daidai hutun ƙarfe goma. Fili cike da yara, amma wajen da Tahira ke tsaye fayau, kamar an share. Na ratsa har gabanta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙawata, ina kwana? Ya zahi? Kin ci abin kari ko uwarki ta yi rowa?"

Fili ya yi tsit. Ta zaro ido tana girgiza mini kai.

Na ce, "Ba ki ji na yi Hausa ba? Ba ni."

Ta ce a hankali, "Kaka, ba a ba manya."

Na ce, "Ni na ƙera abin ga tun ba a haihi uwarki ba. Ni zan hwaɗa maki wanda ake ba. Cire."

Ta cire ta miƙo mini. Na rataya a kan hijabina. Bai kai nauyin da na zata ba, amma wayar tana cizo a bayan wuya, ban taɓa sanin haka ba. Wasu yara suka fara dariya, sai suka ga ba na yi, suka bari.

Aka buga ƙarfe. Na bi layi na shiga aji, na zauna bencin baya. Mushe yana rubutu a allo, da ya juyo allin ya faɗi daga hannunsa. Dogo ne yanzu, har da furfura a gemu, amma kunnuwan nan nasa masu fitowa suna nan. Na gane shi, ya gane ni. Ya ɗauki allin ya ci gaba da darasi, yana kuskure yana gogewa, har aka tashi. Ba yaron da ya yi ko tari.

Da aka buga na tashi, na fita inda tsakuwar take, ba sai an nuna mini ba. Na durƙusa, na ɗaga hannu. Yara suka ƙi tafiya. Dirakta ya fito da gudu yana "Subhanallahi, Madan, mi ke nan?" Na ce ya bar ni, dokar ɗaya ce ga kowa, shi ya faɗa.

Lawali ya fito ya tsaya a kaina. Na ce, "Lawali, ni aka tashi da shi yau. Abin da na yi maka a Tibiri, da gangan na yi, don ubanka ya kai ƙarata. Kai ba ka yi komi ba. Ita ma ba ta yi komi ba."

Ya daɗe yana kallon ƙashin, ba ni ba. Da ya yi magana, da Hausa ya yi, a gaban yaransa duka.

"Kwana nawa ne, Madan?"

Na ce ina jin sati biyu ko uku.

Ya ce, "Talatin da bakwai."

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Na san ba ki sani ba. Ni na ƙirga."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ta fi ta gaban dirakta sau dubu. Hannuwana suka fara sauka da kansu, na mai da su sama. Ya juya ya ce wa yara kowa ya tafi gida. Sannan ya ce, "Tashi, Madan. Tsakuwar ga ta hi ta Tibiri kaihi." Na kasa tashi, sai da Tahira da Munira suka kama ni, ɗaya a kowane gefe.

Na miƙa masa wasiƙar na ce ya karanta, ban aika ba tukuna. Ya karanta a tsaye, ya ninke, ya mayar mini. Bai nemi ƙashinsa ba, ni ma ban ba shi ba. Bai ce ya yafe ba. Ban tambaya ba, don ban ga da wane baki zan tambaya ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan magariba

Rahmatu ta kira. Tahira ta je lakwal. Lawali yana tsaye bakin ƙofa kamar kullum, da ta iso ya ce, "Tahira, an tashi lahiya?" Yarinya ta daskare. Ya ce, "Amsa abinki, ba komi." Ta amsa, ta wuce, ba abin da ya biyo baya. Munira ta dawo bencinta. Sha'ibu ya ce a bar ta ta yi jarrabawar, amma shi har yanzu bai yarda da mutumin ba. Na ce kada ya yarda, Rahmatu ta ci gaba da cika kaye har ranar ƙarshe, wasiƙa kuma tana cikin jakata.

Sai na ji ana kokawar waya. "Kaka! Wai gwiwarki ta sauka? Munira ta ce da kika durƙusa sai da ƙasa ta motsa." Ta yi ta zuba, ta yi ta zuba, har kunnena ya yi zafi. Ban ce ta bari ba.

Rahmatu ta karɓa ta ce, "Gwaggo, abin nan hwa, kin jehwa shi masai ko?" Na ce mata rezo ba kyau.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Yana ƙarƙashin hijabi, ba mai gani. Na je kasuwa da shi, na dawo. Wayar ta fara yi mini ƙurji a bayan wuya.

Yau uku. Saura talatin da huɗu.